Wasan Da Ya Karya Hannun Ɗan Kabu-kabu: Wane Hukunci Ya Dace Da Masu Razana Mutane Don Bidiyo?

Akwai wani ɗan kabu-kabu da ke ɗaukata daga Mabera zuwa wurin aiki, har muka saba. Mutumin gabashin Sakkwato ne, daga wani ƙauye a yankin Sabon Birni, ya kwaso iyalinsa ya dawo cikin gari bayan 'yan bindiga sun tashe su. Babur ɗin ma ba nasa ba ne, kullum da yamma yake kai wa mai shi balas. Sai na yi kwanaki ban gan shi ba. Da na bi sawu, na tarar da shi zaune a zaure, hannunsa na dama ɗaure da karare, irin ɗorin gida.

Wani saurayi ne ya tsayar da shi bayan la'asar, ya ce a kai shi wajen Kwannawa. Suna cikin tafiya sai ya ji an dafa masa wani abu mai sanyi a haƙarƙari, aka raɗa masa a kunne cewa kada ya kuskura ya tsaya, daji za a shiga. Bai yi wata-wata ba, ya saki babur ya yi tsalle. Da ya ɗago kai daga ƙasa sai ga wasu samari biyu a kan wani babur ɗin, ɗaya riƙe da waya, suna ta ƙyaƙyata dariya. Abin da aka dafa masa guntun bututun ƙarfe ne.

"Sunka ce mani wai wasa na, Malam," in ji shi. "Ni kau wallahi lokacin nan ba Sakkwato nike ba. Gida nike, daren da anka shigo muna."

Sun miƙa masa 'yan canji wai ya sayi magani, suka yi gaba. Mai babur ya karɓe abinsa ya ba wani.

Tun daga ranar, duk majalisar da aka tayar da zancen waɗannan yaran masu abin da suke kira firank, wato razana mutum da sunan wasa ana ɗaukarsa a bidiyo, nakan kasa kunne. Baki biyu nake ji. Wasu su ce a kama su a zane musu jiki a bainar jama'a, kowa ya gani. Wasu su ce ai yara ne, ba aikin yi, gara wannan da sata. Abin da ke damuna shi ne a duk bakunan biyu ba na jin an ambaci mutumin da ke zaune a zaure da karyayyen hannu. Ni kuwa a ganina daga kansa ya kamata a fara auna hukunci.

Kafin hukunci, sai an rarrabe abin da ake magana a kai, domin Bahaushe ba baƙon wasa ba ne. Muna da wasan taubasai, da na jika da kaka, da na Bagobiri da Bayarabe, da na Bafulatani da Babarbare. Muna da tashe cikin azumi. Bagobiri zai tare Bayarabe a tsakiyar kasuwa ya kira shi bawansa, a yi dariya a watse. Me ya sa ba ya zama faɗa? Saboda kowane ɓangare ya san wasa ake yi, ya san iyakarsa, kuma yana da bakin ramawa. Yau ka ci ni, gobe in ci ka. A wasan wayar nan kuwa mutum ɗaya ne bai san komai ba, kuma rashin saninsa shi ne hajar da ake sayarwa. In ya san wasa ne, bidiyon ya lalace. Ana so ya firgita da gaske, ya ruga da gaske, hularsa ta faɗi, zanen tsohuwa ya kwance, sannan a nuna wa dubban mutanen da bai taɓa gani ba. Ba shi da damar ramawa, ba shi da kaso a ribar.

Ribar kuwa akwai ta. YouTube na biyan mai tasha kuɗin talla in ya tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara guda. A 2024 Facebook ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar samun kuɗin talla a bidiyonsu. A TikTok akwai kyaututtukan da masu kallo ke turawa lokacin da ake kai tsaye, ga kuma 'yan kasuwa da ke biyan mai yawan mabiya ya tallata musu atamfa ko turare. Injin da ke zaɓar bidiyon da zai nuna wa mutane bai san halal ko haram ba, abin da ya sani shi ne wanne aka fi tsayawa a kai, wanne aka fi turawa. Firgici kuwa yana tsayar da ido. Shi ya sa wasan ba ya tsayawa inda ya fara. Macijin roba a gaban mai sayar da albasa ya ja kallo a makon jiya, a makon nan an saba da shi, dole a nemo abin da ya fi shi. Daga maciji sai likkafani, daga likkafani sai bindigar wasa, daga nan sai kwaikwayon satar mutane. Wanda bai gane wannan tsani ba, zai yanke hukuncin da ba zai taɓa tushen abin ba.

Addini bai bar wurin nan a buɗe ba. A cikin hadisan da Abu Dawuda ya ruwaito akwai labarin sahabbai suna tafiya tare da Manzon Allah (SAW), ɗayansu ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa, ya farka a firgice. Sai Manzon Allah ya ce bai halatta ga Musulmi ya razana Musulmi ba. Igiya ce fa kawai, kuma tsakanin abokan tafiya. An kuma hana ɗaukar kayan ɗan'uwa ko da wasa ko da gaske, an hana nuna masa makami, an yi kashedi ga mai shara ƙarya don ya ba mutane dariya. Laifi ne, babu ja. Amma ba ya cikin haddi, wato laifukan da aka yanke wa hukunci ƙayyadadde. Yana ƙarƙashin ta'aziri, inda aka bar wa alƙali ya duba girman ɓarna da halin mai laifi. Kuma akwai wani babin da mutane ke mantawa, na lamuni: wanda ya jawo asarar dukiya ko raunin jiki, shi zai biya, ko da bai yi nufi ba. "Ban yi niyya ba" tana iya rage wa mutum zunubi ko horo, ba ta gyara babur, ba ta biyan mai ɗori.

Ta ɓangaren dokar ƙasa ma ba a rasa abin kamawa ba, kuma ina ganin masu kiran a kafa sabuwar doka musamman don 'yan firank suna wahalar da kansu ne. Tun dokar laifuka ta Final Kod da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 akwai laifin damun jama'a, da tayar da hankali, da tsoratarwa, da cin zarafi, da shiga gidan mutum ba izini, da jawo rauni ta hanyar ganganci. Jihar Sakkwato tana da dokar laifuka ta Shari'a tun 2000, ta kuma sabunta Final Kod ɗinta a 2019. Wanda ya dafa wa mutum ƙarfe a haƙarƙari ya ce masa a shiga daji ya riga ya taka da yawa daga cikin waɗannan, ko akwai kyamara ko babu. Kyamarar ma shaida ce a kansa, da hannunsa ya haɗa ta.

Sai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda sashenta na 24 ya yi ƙaurin suna. A yadda aka fara rubuta shi, har saƙon da ya ɓata wa wani rai ko ya dame shi yana iya kai mutum kurkuku, da hukuncin da ya kai shekara 3 ko tarar naira miliyan 7, ko duka biyun. An yi ta kama 'yan jarida da shi, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. A 2024 aka yi masa gyara, aka taƙaita shi ga batsa da kuma ƙaryar da mutum ya yaɗa da saninsa don ta da hargitsi ko jefa rayuwa cikin haɗari. Wanda ya haɗa bidiyon ƙarya cewa 'yan bindiga sun shigo unguwa kaza, wannan sashen ya hau kansa daidai. Wanda ya tsorata mai shayi da ƙadangaren roba kuwa, ɗora masa shi kamar kashe sauro da taɓarya ne.

To da me za a auna? Ni abu na farko da zan so alƙali ya tambaya shi ne: me ya sami mutumin? Ya yi dariya daga baya ya yafe, ko ya kwana asibiti? Mai hawan jini ne? Mace ce mai juna biyu? Yaro ne? Sannan a ina aka yi? Wannan tambayar ta wuri tana da nauyi a Sakkwato fiye da yadda baƙo zai zata. Jiha ce da a Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo aka kashe mutane da dama, a Disambar shekarar kuma aka ƙone matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni. Garin nan cike yake da mutanen Isa da Rabah da Goronyo da Sabon Birni waɗanda suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Wasan da zai wuce da dariya a wani wuri, a nan yana fama gyambon da bai warke ba. Ka yi tunanin wani ya ƙwalla ihun "ga su nan!" a tsakiyar Babbar Kasuwa ana cikin hada-hada, ko a bakin masallaci ranar Juma'a. Turmutsutsun da zai biyo baya, tsofaffi da yara da masu talla ne za su kwana a ƙasa. Wannan ba wasa da mutum ɗaya ba ne, wasa ne da rayukan jama'a, kuma bai kamata a auna shi da mudu ɗaya da na ƙadangaren roba ba.

Akwai kuma haɗarin da ke kan mai wasan kansa. A Fabrairun 2021 a birnin Nashbil na Amurka, wani saurayi ɗan shekara 20 ya tunkari mutane da wuƙar mahauta yana kwaikwayon fashi don bidiyo, ɗaya daga cikinsu ya harbe shi har lahira. A Afrilun 2023 a jihar Bajiniya wani mai kai saƙon abinci ya harbi mai irin wannan wasa a cikin katafaren kanti, kuma masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi daga babbar tuhumar. Mu nan ba kowa ke yawo da bindiga ba, amma muna da abin da ya kai ta muni: taron da ke yanke hukunci kafin a yi tambaya. Yaron da ya fizge jakar mata don wasa, in aka yi ihun ɓarawo, ba lallai a saurare shi ba lokacin da zai nuna inda kyamara take. Hana wannan wasa tun da wuri ceton ran yaran ne su ma.

Yanzu ga inda na rabu da masu cewa a zane su. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30. Mutane da yawa sukan kawo wannan a matsayin misalin yadda ake maganin 'yan TikTok. Amma a duba laifin da aka kama su da shi: bidiyon da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Ganduje. Ba su karya hannun kowa ba, ba su kori kowa daga kasuwa ba. Wanda suka taɓa ne mai ƙarfi. Nan ne nake jin tsoro. In aka bar kalmar "damun jama'a" ba shinge, za ta koma buhun da ake zuba duk wanda ya faɗi abin da babba ba ya so, alhali mai razana talaka yana yawonsa, domin talaka ba shi da lambar kowa. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa 'yancin faɗin ra'ayi, sashe na 36 kuma ya ce ba a hukunta mutum sai da laifin da ke rubuce a doka. Mai sukar hukuma a kan tsaro ko ruwan sha ko albashi, ko da da barkwanci ya yi, ba ya cikin waɗanda nake magana a kansu. Adalcin hukunci yana farawa ne daga adalcin kamu.

Ita kanta bulalar, ko a fiƙihu ba a sake ta haka nan ba. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim da ya hana wuce bulala 10 in ba a haddi ba, ko da yake malaman Malikiyya sun bar wa shugaba ya ƙara in maslaha ta sa. Amma damuwata ta wuce lissafin adadi. Yaron da sana'arsa neman ido ce, in ka kwantar da shi a gaban taro ana ɗauka da waya, ka ba shi bidiyon da ya fi duk waɗanda ya taɓa yi. Zafin zai wuce cikin mako, mabiyan da ya ƙaru da su za su zauna. Ɗan kabu-kabu kuma ko sisi bai shiga aljihunsa ba.

Kurkuku fa? Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali na Najeriya jiran shari'a suke, ba a yanke musu komai ba. Ka ɗauki yaro ɗan shekara 19 da laifinsa wauta ce, ka haɗa shi ɗaki ɗaya da waɗanda suka ƙware a fashi, ka dawo bayan wata shida ka ga abin da ka shuka. Ba ina cewa a rufe ƙofar ba ne. Wanda ya yi amfani da makami ko abin da ya yi kama da shi, wanda ya kwaikwayi satar mutane ko hari, wanda ya jawo mummunan rauni ko rasa rai, wanda ya sa ƙaramin yaro cikin abin kunya, da wanda kotu ta gargaɗa ya koma, waɗannan ɗauri ya dace da su. A Yunin 2023 'yan sanda a Ibadan sun gurfanar da wani fitaccen mai irin wannan wasa saboda bidiyon da ya sa ƙaramar yarinya a ciki, kuma ban ji tausayinsa ba. Dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ma ta ja irin wannan layi: ta ba kotu damar yanke aikin al'umma ko ɗage hukunci, amma ta cire laifin da aka yi da makami, da na lalata, da wanda hukuncinsa ya wuce shekara 3. Ita ce kuma ta ba kotu ikon sa mai laifi ya biya wanda ya cuta. Sakkwato ta yi tata irin dokar a 2019, shekarar da aka canja wa hukumar gidajen yari suna aka kuma kafa mata sashen kula da hukuncin da ba na tsarewa ba. Kayan aikin suna nan, amfani da su ne ya yi ƙaranci.

Da ni ne a kujerar alƙali aka kawo mini mafi yawan waɗannan yaran, da biya zan fara. Kuɗin magani, gyaran abin da ya lalace, da cinikin kowace rana da mutum ya rasa yana kwance. Ba tara ba, domin tara asusun gwamnati take shiga. Sannan a sauke bidiyon daga ko'ina, in ya kawo kuɗi a karɓe a ba mai shi, tunda da fuskarsa da firgicinsa aka same su. Sannan a je har gida a ba shi haƙuri a gaban mai unguwa da iyaye, ba tare da waya ba, don na ga yadda ake mayar da ban haƙuri wani sabon bidiyo mai kiɗan tausayi. Sannan aiki: kwashe shara a kasuwar da ya hargitsa, ko tura keken marasa lafiya a sashen haɗurra na asibiti, ya ga yadda karaya take da idonsa.

Abin da na fi ganin zai yi tasiri kuwa shi ne hana shi abin da yake nema. A Landan, a Mayun 2023, kotu ta hukunta wani matashi da ya shiga gidan mutane ba sallama yana ɗaukar bidiyo, ta kuma kafa masa sharaɗin kada ya sake ɗora hoton kowa ba da izininsa ba. Ya karya sharaɗin, a Nuwamba aka ɗaure shi mako 18. Tsarin ya burge ni: an fara da toshe hanyar ribar, ɗaurin ya zo ne bayan taurin kai. Mai neman suna, wata shida ba ya ɗora komai ya fi masa bulala ciwo.

Kada kuma a tsaya kan wanda fuskarsa ta fito. Mai riƙe da waya, da mai tuƙa babur na biyu, da mai shafin da aka ɗora a kai, duk tare suka ƙulla. Ɗan kasuwar da ke ba irin wannan shafi talla ya san da me aka tara mabiyan. Mu ma masu kallo, duk wanda ya tura wa abokinsa ya ƙara wa yaron ƙarfin gwiwar hawa mataki na gaba. YouTube ya haramta wasannin da ke sa mutum ya zaci ransa na cikin haɗari tun Janairun 2019, amma kamfanin da ke Amurka ba zai san abin da aka raɗa wa ɗan kabu-kabu da Sakkwatanci ba sai in mu muka kai ƙorafi.

Masu cewa yara ne, neman abinci suke, suna da gaskiya a rabin maganarsu. Akwai basira a wurin da yawansu, kuma barkwanci sana'a ce mai daraja. Hanyar a buɗe take: a shirya wasan da 'yan wasa waɗanda suka san abin da ake ciki, ko a nemi yardar mutum kafin a ɗora, in ya ce a'a a goge a gabansa. Malamai a mumbari, da masu unguwanni, da Hisba, za su iya isar da wannan kafin a kai ga ofishin 'yan sanda, muddin nasiha za su yi su bar hukunci ga kotu.

Na tambayi abokina ko zai kai ƙara. Ya girgiza kai, ya ce bai san sunan ko ɗayansu ba, kuma kuɗin zirga-zirgar kotu gara ya sayi gero da su. Hannun ya ɗore, amma ba ya jimre riƙon babur na tsawon yini, don haka yanzu yana taya wani ɗan garinsu jiran kayan gwari a kasuwa. Rannan wani yaro ya nuna masa bidiyon a waya, yana nan bai sauka ba. Ya ce ya kalli kansa yana birgima cikin ƙura, an sa wata muryar dariya a kai, sai ya miƙa wa yaron wayarsa ya ci gaba da kasa tumatir.